Ƙibar Hassan

Hassan ya rasu muna da shekara goma sha huɗu. Ciwon ƙoda ne ajalinsa. Tagwaye ne mu, shi Hassan, ni Usaini. Kusan duk tsawon ciwonsa ni ake yi wa jinya, alhali ni lafiyata ƙalau. Abin da zan faɗa ke nan, don masu yara su ji.

A unguwar Kagarawal aka haife mu, mu ne 'ya'yan fari a wurin Inna. Baba a da manomi ne. Da kuɗin mai suka shigo ƙasa, kamfanonin hanya suka cika gari, ya koyi tuƙi aka ba shi tifa. Daga nan sai ya yi makonni ba ya gida. Gida yana hannun Dada, uwarsa. Abin da ta ce shi ake yi.

Dada tana da doka a kanmu: ba a raba tagwaye. Kwano ɗaya, tabarma ɗaya, yadi ɗaya a wurin tela. In aka ba ɗaya abu aka hana ɗaya, in ji ta, ransu zai ɓaci, kunama ta cika gida, tukunya ta ƙi tafasa. Ko duka ne, in Hassan ya yi laifi sai an ɗan taɓa ni. Ba ita kaɗai ba, duk unguwa haka aka yarda.

Har muka kai sha uku, ba a bambanta mu sai da wani tabo a goshina. Da daminar shekarar ta wuce, sai jikinmu ya rabu. Ni na fara miƙewa. Wandona ya haura idon sawu, muryata ta fashe, maƙogwaro ya fito, haƙarƙarina duk a waje. Ina ci sosai, ba a ganin inda abincin yake shiga. Hassan bai ƙara tsawo ba, shi faɗi ya yi. Da safe idanunsa a kumbure, sai hantsi su sauka. Kumatu suka fito. Ciki ya biyo baya.

Ku tuna zamanin. Ƙiba ita ce shaidar an samu. Ɗan kwangila in bai ajiye tumbi ba, ba a yarda ya samu kwangilar ba. Sai unguwa ta sa wa Hassan Ɗan Kwangila, ni kuma Karan Dawa.

Wata rana matan maƙwabta suna tsakar gidanmu, ɗaya ta ce, “Dada, wannan jikan naki arzikin ubansa ya karɓe shi. Ma sha Allah.”

Wata ta nuna ni da baki. “Wancan fa? Ko shi ba a zuba masa ne?”

Suka yi dariya. Dada ba ta yi ba. Ranar aka fara jinyata.

Makon farko maganin tsutsar ciki aka sayo a kemis. Na sha, Hassan ya sha, tunda ba a raba mu. Ba abin da ya fita. Mako na gaba Bappa Sale, ƙanin Baba, ya duba idona ya ce ciwon shawara ne. Ya kawo saiwoyi, aka jiƙa da jar kanwa a tulu. Safe da yamma, ƙoƙo ɗaya ni, ƙoƙo ɗaya Hassan. Aka kira wanzami ya yi mana ƙaho. Aka karɓo rubutu. Wata tsohuwa ta ce Hassan ne yake janye rabona tun daga ciki, haka wasu tagwayen suke. Dada ta kore ta, amma na ga maganar ta zauna mata.

Sai aka koma kan abinci. Romon ƙashi da gishiri har yana ɗaurin harshe. Kunun kanwa. Man shanu a kan tuwo. Kilishi. Kifin gwangwani da Baba yake kawowa daga kantin kamfani. Duk don ni. Duk a kwano ɗaya.

Hassan mutum ne mai barkwanci, ni ban iya ba. Yana suɗe kwano yana cewa, “Don Allah Karan Dawa, kada ka warke da wuri. Rabonmu da romo irin wannan tun sunan Gambo.” Gambo ƙaninmu ne mai bi mana.

Na ce, “Ai kai ke cinyewa.”

Ya ce, “To ni ne jikina ya san mutunci. Naka ko godiya ba ya yi.”

Wata ya wuce, wani ya shigo. Ni ina nan yadda nake, sai ma tsawo da na ƙara. Hassan takalminsa ya daina shiga. Mazagin wando yana barin rami a cikinsa. Ya daina zuwa ƙwallo, in ya bi mu sai ya zauna a gindin bango yana haki. Aka ce nauyi ne. Ya gaya wa Dada da bakinsa, ina wurin.

“Dada, fitsarina kumfa yake yi, kamar ruwan wanki.”

Ta ce, “Maiƙo ne yake fita. Jikin da ya ƙoshi haka yake. Ka gode wa Allah, ka yi wa ɗan'uwanka addu'a.”

Inna ta gani. Na san ta gani, don na sha kama ta tana kallon ƙafarsa. Amma mu 'ya'yan fari ne, kuma ita Bafulatana ce ta ƙauye. Ba ta kiran sunanmu, ba ta nuna ta damu da mu a gaban mutane, balle a gaban surukarta. Yaran nan take ce mana. Sau ɗaya ta gwada, tana tankaɗe, kanta a ƙasa.

“Dada, idon nan na babban da safe...”

Dada ta ce, “Au. Yanzu har ɗan fari ake dubawa? Zamani ya zo.”

Inna ta ci gaba da tankaɗenta.

Wanda ya sa aka je asibiti Malam Yohanna ne, makaniken da yake gyara wa Baba tifa a unguwar Herwagana, mutumin Kaltungo. Mun kai wa Baba saƙo garejinsa, ya dube ni ya ce, “Direba, yaron nan ku kai shi likita ya gani, ku daina ɗura masa ɗaci.” Shi ma ni ya duba. Hassan kuwa kumatunsa ya ja ya ce, “Manya, yaushe za a ba mu aiki?”

Baba ya nemi hutun yini ɗaya. Muka yi sammako, muka tarar da layin kati har bakin ƙofa, mutanen ƙauye da tabarminsu, wasu a nan suka kwana. Kati ɗaya aka yanka, da sunana. Hassan rakiya ya zo, don Dada ta ce ba za a bar shi a gida ni ina can ba. A duk abin da dokarta ta jawo, wannan ne kaɗai na gode mata.

Sai wajen azahar muka shiga. Likitan ɗan Indiya ne, ba ya jin Hausa. Wata Sista 'yar Billiri ce take fassara. Ya ɗora ni a sikeli, ya auna tsawona, ya duba ido da harshe, ya saurari ƙirji. Ya tambaya ko ina ci, ina barci, ina gudu. Duk eh. Ya tambaya ko akwai dogaye a dangi. Baba ya ce kawunnanmu duk sai sun sunkuya suke shiga ɗaki.

Sista ta ce, “Ya ce wannan ba abin da ke damunsa, balaga ce. Yaro namiji a shekarun nan ƙashi ne yake fara tafiya, nama ya biyo daga baya. Kuma ya yi gado. Ku ba shi abinci ku ƙyale shi.”

Baba bai ji daɗi ba. Ya ce, “Sista, gaya masa ga ɗan'uwansa can, rana ɗaya aka haife su. Ya dubi jikinsa, ya dubi na wannan.”

Da alfahari ya faɗa.

Likita ya juya ya dubi Hassan a kan benci. Ya daɗe yana kallo. Ya tashi, ya durƙusa, ya ɗaga ƙafar wandonsa, ya danna ƙwaurinsa da babban yatsa. Da ya ɗauke, ramin yana nan. Muna ta kallo, bai cike ba.

Sista ta ce, “Ya ce wannan ba nama ba ne. Ruwa ne.”

Ban yi boko ba. Sunan ciwon da ya faɗa ban riƙe ba. Wannan maganar na riƙe.

Ya tambayi tun yaushe. Baba bai sani ba. Ya tambayi me ake ba shi. Baba ya shiga lissafi, romo, kilishi, kifin gwangwani, jiƙon saiwa da jar kanwa. Sista ta daina fassara.

“Kanwa? Kullum?”

Baba ya ce, “Ai ba don shi ake yi ba. Don wannan ne.”

Ta dube ni, ta dubi Hassan.

Hassan ba shi da kati, an kuma rufe tagar yankan katin. Mai katin ya ce a dawo gobe. Sista da ƙafarta ta je ta buga masa ƙofa har ya buɗe. Allah ya saka mata. Gado babu, sai da Hassan ya yi kwanaki a ƙasa a baranda kafin wani tsoho ya mutu a ba shi nasa.

Dokar asibiti ita ce: ba gishiri, ba kanwa, ba jiƙo. Ƙwayoyi safe da yamma. Fitsari a kwalba. Sikeli kowace safiya. Aka ce ƙodarsa ta zama kamar rariyar da ta yage, abin da ya kamata jiki ya riƙe yana zubewa, ruwan da ya kamata ya fita yana taruwa, gishiri kuwa shi ke riƙe ruwan. Ciwon ne ma ya tsayar masa da girma, shi ya sa na wuce shi. Ni nake kwana a ƙarƙashin gadonsa. In aka kawo wake da ƙwai ba gishiri, sai ya ce, “Karan Dawa, zo mu tauna tsumma.”

Makon farko ya yi ta fitsari. A na biyu, jikinsa na gaskiya ya fito. Ban taɓa ganin rama irin wannan ba. Damtsensa da yatsu biyu nake zagayewa. Wuya kamar na kaza. Amma yana kwanciya ya yi barci, yana tafiya har bakin famfo ba haki. Duk safiyar da sikeli ya sauka, Sista murna take yi.

A makon ne Dada ta zo dubiya. Ta tsaya a bakin gado.

“Innalillahi. Ina yaron da na ba ku?”

Sista ta ce, “Mama, ruwan ne ya fita. Sauƙi ke nan.”

“Sauƙi? Na kawo muku ramamme ɗaya, kun mayar mini da biyu, kina ce mini sauƙi?”

“Mama, ki yi haƙuri ki ji...”

“'Yar nan, kin haifa?”

“Ban haifa ba, Mama.”

Dada ta ce, “To.”

Ta fita tana faɗa wa duk wanda ta gamu da shi cewa an zuƙe mata jika.

Da Baba yana gari, ban san yadda za ta kaya ba. Amma kamfani ya aiko, in bai koma ba za a ba wani tifar, masu jira suna da yawa. Ya tafi. Bai yi nisa ba Dada ta turo Bappa Sale. Lokacin dubiya, da mutane suka cika ɗakin, ya saɓa Hassan ya fita da shi ta baya. Na ce, “Bappa, likita bai sallame mu ba.” Ya ce in rufe masa baki in ɗauko tabarma. 'Yan ƙwayoyin da ke kan akwatin gado na zuba a aljihu.

A gida na yi abin da nake ganin dabara ce. Na ce tunda ba a raba mu, ni ma na daina cin gishiri, a zuba mana kwano ɗaya kamar kullum. Inna ta fara ɗibar mana miya a ɓoye kafin ta sa gishiri da kanwa. Mun yi 'yan kwanaki a haka. Ranar da Dada ta sa yatsa a kwanonmu ta lasa, ta ɗaga murya.

“Wancan an zuƙe shi, shi kuma wannan da ba shi da komai a jiki ke za ki ƙarasa shi?”

Ta karɓe tukunya. Tulun jiƙo ya dawo. Ni na ƙi ci. Hassan ya ci. Ya ce, “Kai ka ƙi. Ni na gaji da tsumma.” Yaro ne mai jin yunwa, an ajiye masa romo a gaba. Ban taɓa ganin laifinsa ba. Ƙwayoyin kuma suka ƙare.

Wannan karon kumburin bai ɓata lokaci ba. Kafin wata ya cika ya koma yadda yake, har ya wuce. Mata suka riƙa shigowa barka.

“Ma sha Allah, Ɗan Kwangila ya dawo.”

“Ai mun faɗa, asibitin nan in ka shiga da jikinka ba ka fita da shi.”

Dada ta soya waina ta raba sadaka. Ranar na kasa haƙuri. A gabansu na durƙusa, na danna ƙafarsa yadda na ga likita ya yi, na ce, “Ku duba. Ruwa ne.” Bappa Sale ya kwaɗa mini mari, ya ce baƙin ciki nake yi da ɗan'uwana. Wannan ne dukan farko da aka yi mini ni kaɗai.

Mako na gaba ya daina iya kwanciya, sai a jingine shi da bango. Fatar ƙafarsa ta tsage, ruwa yana tsattsafowa har tabarma ta jiƙe. Fitsarin ya koma ɗan kaɗan, ja. Barkwanci ya ƙare. Masu barka suka daina zuwa.

Wata safiya Dada ta ɗebo jiƙo ta nufo shi. Inna ta taso daga bakin murhu ta riƙe ƙoƙon.

“Ba zai sha ba.”

Dada ta ce, “Wa?”

“Hassan. Hassan ɗana ba zai sha ba.”

Tunda aka haife ni ban taɓa jin sunan a bakinta ba. Inna ta juyo ta ce, “Usaini, ruga Herwagana.” Na ruga. Malam Yohanna yana ƙarƙashin mota, ya fito, ko hannu bai wanke ba. Motar wani da ya kawo gyara ya ɗauka. Shi ya ɗauki Hassan a hannu har cikin asibiti, shi ya aika wa Baba ta wurin direbobi. Har ya bar duniya ina zuwa gaishe shi.

Na ɗauka likita zai yi faɗa. Bai yi ba. Ya duba, ya zauna. Sista ta ce, “Ya ce ƙodar ta gaji. Akwai babban asibiti a nesa, amma ba ya jin yaron zai kai.” Inna ta tambaya, da an bar shi tun farko fa? Likita bai yi mata ƙarya ba. Ya ce irin wannan ciwon, ko an zauna, ba kowane yaro yake tashi ba. Amma wasu suna tashi. Shi Hassan ba a bar shi ya gwada ba.

Baba ya iso da ƙurar hanya a jikinsa. Ya tsaya a gefen gado, na tsaya kusa da shi. Hassan ya buɗe ido da ƙyar, don fuskar ta rufe su. Ya dube mu.

“Karan Dawa, ka wuce Baba.”

Na ce, “Da kaɗan.”

Ya ce, “To da haka zan zama ke nan. Ba laifi.”

Washegari bayan la'asar ya cika.

A zaman makoki wata mata ta ce, “Ikon Allah. Mai jikin ya tafi, ya bar wannan.” Ina zaune a wurin. Ba wanda ya ce mata kul.

Dada har ta mutu tana cewa asibiti ne ya zuƙe shi tun zuwan farko. Baba bai taɓa musa mata ba, uwarsa ce. Bai kuma ƙara kawo kifin gwangwani gida ba. Bappa Sale ya rayu ya tsufa, yana ba mutane shawarar magani. Ni ba a sake ba ni komai ba, an manta da ramata. Ina shiga sha bakwai kafaɗa ta buɗe, nama ya zo da kansa, kamar yadda likita ya ce.

Ga abin da na sani, ban karanta a ko'ina ba. In yaro ya zo balaga jikinsa zai canja, kuma kowa da tafiyarsa. Wani ya miƙe ya rame, wata ta fara cika kafin ta yi tsawo, wani ya biyo dangin uwa, wani na uba. Yaron da yake ci, yake gudu, yake barci, ku ƙyale shi da ramarsa. Wanda ya yi ƙiba farat ɗaya, ido a kumbure da safe, fitsari da kumfa, ku danna ƙwaurinsa kafin ku yi masa barka. Kuma maganin wani ba a ba wani, ko ciki ɗaya suka kwanta. Har yau ina ganin mata a kemis suna saya wa 'yan mata ƙwayar ƙiba don kada a ce gidansu ba a ci. Nakan yi magana. Ba sa ji.

Yanzu ina unguwar Madaki, ina facin taya a bakin titi. Gemuna ya yi fari. Ina da mata da 'ya'ya da jikoki, ban taɓa kwana a asibiti don kaina ba. Suna ne dai ban iya canjawa ba. Duk baƙon da ya tsaya da mota ya ji an ce Usaini, sai ya yi murmushi ya ce, ina Hassan ɗin? Nakan ce ya rasu. In ya ce Allah ya ji ƙansa, in ce amin, in ci gaba da aikina.